Daga gyadar Samaru zuwa dajin mangurob: tarihin neman magani a cikin funfuna

A Zariya ba mu da teku. Ruwan da ya fi kusa da mutumin Hanwa shi ne Kubanni, shi ma da rani ja baya yake yi. Wanda yake son ganin mangurob, wato itatuwan nan da ke tsirowa cikin taɓo a inda kogi ya haɗu da ruwan gishiri, sai ya yi yini guda cur a mota kafin ya isa Fatakwal ko Kalaba. Amma masu binciken magunguna a Sin da Jamus sun shafe fiye da shekara 20 suna tsinko ganye da saiwar waɗannan itatuwa. Funfunar da ke zaune a cikin jikin itacen suke nema, domin tana haɗa sinadaran da ake fatan wasunsu za su zama magani. Aikin yana da dogon tarihi, kuma wani yanki nasa a nan Samaru aka yi shi, sai dai a wancan lokaci guba ake bi.

Funfuna dai kowa ya san ta, ita ce ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Masana sun sa ta gida ɗaya da yis ɗin da ke kumbura fulawa da lemar kwaɗin da ke fitowa da damina, sunan gidan fangas. Zan ci gaba da cewa funfuna don sauƙi. Halitta ce da ba ta da ƙafar gudu, ba ta da haƙorin cizo. In bakteriya ko ƙwaro ko wata funfunar ta zo ƙwace mata abinci, makaminta ɗaya ne: ta haɗa sinadari ta zuba. Abin da ake kira sinadari mai aiki a jiki ke nan, wanda kaɗan daga cikinsa kan canja wani abu a jikin wata halitta. Ko ya zama magani ko ya zama guba, wannan ya danganta da wanda ya taɓa da kuma yawan da ya shiga.

Talo-talo 100,000

A shekarar 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni. An rasa gane cutar, har aka sa mata suna cutar X. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abinci ɗaya, wanda aka haɗa da tunkuzar gyada daga Birazil. A cikin gyadar akwai funfuna mai suna Aspergillus flavus, kuma gubar da take fitarwa aka sa wa suna afalatoksin.

Labarin bai yi wa Arewa daɗi ba. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, gyada ta zama babbar hajar yankin nan, kuma a farkon shekarun 1960 Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da ita. Dalar gyadar Kano da muke gani a hotuna Turai take tafiya. In masu saye suka ji tsoro, an taɓa aljihun manomi da na gwamnatin Jihar Arewa gaba ɗaya.

Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta zama cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, na cikin wuraren da aka ɗora wa aikin gano bakin zaren. Daga 1963 D. McDonald da C. Harkness suka riƙa fitar da jerin rahotanni a mujallar Tropical Science kan yadda funfunar ke shiga gyada. Tambayarsu irin ta manomi ce: a wane lokaci gubar ke shiga? Abin da suka gani shi ne gyadar da aka cire a kan kari, kwansonta lafiya lau, yawanci tsaf take fitowa. Matsalar na zuwa ne in an bar ta ta wuce lokaci a ƙasa, ko gara ta huda kwanson, ko fartanya ta fasa shi, ko aka tara ta ba ta bushe da wuri ba. Shawarar da malaman gona ke bayarwa har gobe, a cire da wuri, a shanya da kyau, a tsince mai lahani, tana da tushe a irin wannan aiki. McDonald daga baya ya koma cibiyar ICRISAT a Indiya ya ci gaba da aiki a kan cututtukan gyada.

Afalatoksin na cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyadar ci da ta haura maikurogiram 4 a kilo ɗaya, wato kashi 4 cikin biliyan. Suya ba ta kashe ta. Don haka gyada mai ɗaci ko mai kore-kore da aka tsince daga buhu a kasuwar Sabon Gari, mayar da ita ƙuli-ƙuli bai wanke ta ba, kuma zuba wa kaji ko shanu ma ba mafita ba ce, tunda gubar kan bi madara ta dawo.

To ga inda abin yake da ban sha'awa. 'Yar'uwar wannan funfuna, Aspergillus terreus, ita ta ba mu lobastatin, maganin rage kitsen jini da aka amince da shi a Amurka a 1987. Penicillium kuwa ta ba mu fenisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a 1928, da kuma girisiyofulbin da ake ba yara masu makero. Gida ɗaya, wani ɗa ya fito da guba, wani da magani.

Masu zaman haya a cikin tsiro

Duk waɗannan a ƙasa ko a kan abinci aka same su. Tunanin a leƙa cikin lafiyayyen tsiro ya zo ne ta wata hanya daban, ita ma ta guba.

Kalmar endofayit, ma'ana na cikin tsiro, ana danganta ta da masanin tsirrai na Jamus Anton de Bary a 1866. A 1898 masu bincike a Turai suka ga zaren funfuna a cikin ƙwayar wata ciyawa mai kama da alkama, Lolium temulentum, wadda tun zamanin da aka san tana sa jiri in ta gauraya da hatsi. Daga nan maganar ta kwanta kusan shekara 80, ana ɗaukarta wani abin mamaki na 'yan boko kawai.

Shanu ne suka tayar da ita. A kudancin Amurka makiyaya sun shuka wata ciyawar kiwo, feskiyu, mai jure fari da ƙwari. Amma shanun da ke cinta sai su rame, su kasa jure zafi su yi ta tsayawa cikin ruwa, wasu har kofato ko bakin wutsiya ya ruɓe. A 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka nuna cewa ciyawar da ke sa ciwon cike take da funfuna a ciki, alhali daga waje ba ka ganin komai. Funfunar na haɗa sinadaran da ke matse jijiyoyin jini. Sai aka ce to a raba ciyawar da ita. Aka samar da iri marar funfuna, shanu suka samu lafiya, ciyawar kuma ta kasa jure fari da ƙwari, ta riƙa mutuwa a fili. A nan aka gane ashe zaman haya ne: tsiro ya ba da ɗaki da abinci, funfuna ta biya da gadi.

Tun daga lokacin, kusan duk tsiron da aka bincika da kyau an samu irin waɗannan 'yan haya a cikinsa. Yadda ake fito da su ba wani tsafi ba ne. A tsinko lafiyayyen ganye, a wanke bayansa da sifirit da ruwan bilic don a kashe duk abin da ke manne a waje, a yanka shi ƙanana, a ɗora a kan faranti mai abincin da aka yi da ruwan dankali da sukari. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga zare fari ko toka-toka yana fitowa daga bakin yankan. Tunda an kashe na waje, wannan daga ciki ya fito.

Zazzaɓin taksol

Abin da ya mayar da wannan fage kasuwa shi ne taksol, maganin kansa da ake samu daga ɓawon itacen Taxus brevifolia na arewa maso yammacin Amurka. An amince da shi a ƙarshen 1992, amma itacen ba ya saurin girma, kuma in an sassaƙe shi mutuwa yake yi. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na jihar Montana suka sanar a mujallar Science cewa sun samu funfuna a cikin itacen, kuma ita ma tana yin taksol. Kun ga in haka ne an huta da sare daji, sai dai a yi ta noman funfuna a tanki kamar yadda ake yi wa fenisilin.

Sai dai lissafin bai taɓa fita ba. Abin da suka auna bai wuce nanogiram 50 a lita ba, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Majinyaci babba kan sha kusan miligiram 300 a zama ɗaya. Ku raba ku gani: lita miliyan 6, kimanin tankar mai 180, don allurar mutum ɗaya ta rana ɗaya. An yi ta fitar da rahotannin wasu funfunan masu taksol daga ƙasashe da dama, ba wadda ta kai masana'anta. A 2013 wasu masu bincike a Jamus suka karanta dukkan ƙwayoyin gadon funfunar ta asali, ba su samu na haɗa taksol ba. Yau daga ganyen itacen da ake nomawa da kuma ƙwayoyin tsiron da ake renonsu a tanki ake samun maganin.

A ganina wannan rahoto na 1993 ya yi amfani ta inda masu shi ba su nufa ba. Alƙawarin taksol bai cika ba, amma ya sa ɗaruruwan ɗakunan gwaje-gwaje sun fara yanka ganye suna dubawa. Strobel kansa ya ba da shawarar inda ya kamata a nema: tsiron da ke rayuwa a wuri mai tsanani, ko wanda mutanen wurin suka daɗe suna magani da shi. Mangurob ya cika sharaɗin farko har ya yi saura.

Me ya sa mangurob

Ruwan teku na hawa ya rufe saiwarsa, ya sauka ya bar ta a rana, sau biyu a yini. Gishirin ruwan na canjawa daga safe zuwa yamma. Taɓon da yake tsaye a kai ba iska a cikinsa, shi ya sa wasu ke tsayawa a kan saiwoyi kamar mai dogarawa da sanduna, wasu kuma saiwarsu ke tsirowa sama kamar fensir don ta sha iska. Ɓawonsa cike yake da irin sinadarin nan mai bauri da majema ke nema a bagaruwa, har ma ana jima da shi. Duk funfunar da ta iya zama a irin wannan gida, a cewar masu wannan tunani, tana da dabarun da ta kan burodi ba ta da su.

Masanan funfuna sun fara bayyana na jikin mangurob tun shekarun 1950 a Ostireliya, amma don sanin iri kawai. Binciken sinadaransu ya fara ne a 1989, lokacin da Poch da Gloer na Jami'ar Iowa suka fitar da sababbi biyu daga wata funfunar dajin mangurob na Hawai. Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Lin Yongcheng na Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou. A 2001 shi da abokan aikinsa suka bayyana wasu sinadarai masu siffar da ba a taɓa gani ba, zailoketal, daga wata Xylaria ta gaɓar tekun kudancin Sin. Ɗaya daga cikinsu, zailoketal B, an yi ta gwada shi a kan ɓeraye don kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa bayan shanyewar jiki. Daga nan jami'o'in Sin suka mamaye fagen. Sababbin sinadaran da aka bayyana daga funfunar mangurob sun haura 1,000, mafi yawansu daga gaɓar tekun Sin.

In ka duba sunayen funfunan da aka fi samu sai ka yi murmushi: Aspergillus, Penicillium, Fusarium, Alternaria. Dangin waɗanda McDonald ke fama da su ne a gyadar Samaru. Wannan ya sa nake ɗan ja baya da maganar cewa gishiri da taɓo ne kaɗai sirrin. Da aka karanta ƙwayoyin gadon wasu nau'o'in Aspergillus a 2005, an tarar kowace na ɗauke da umarnin haɗa sinadarai da yawa fiye da waɗanda aka taɓa gani tana yi. Yawancin umarnin a kulle yake, sai an tsokane ta. Shi ya sa yanzu ake canja mata abinci, a rene ta a kan dafaffiyar shinkafa maimakon ruwa, a ƙara gishiri, ko a jefa mata bakteriya su yi faɗa, sai ta fito da abin da da ba ta yi. Wataƙila rabin abin da mangurob ya bayar ya samu ne don a nan aka fi dagewa da nema.

Ga kuma gaskiyar da masu tallar fagen ba su cika faɗa ba: har yau ba wani magani a kemis da ya fito daga funfunar mangurob. Kashe ƙwayar kansa a cikin faranti abu ne mai sauƙi, ruwan bilic ma yana yi. Wahalar ita ce a samu wanda zai kashe cutar ya bar mai ita. Amma funfunar cikin tsiro gaba ɗaya ta fara biya. A 2000 masu binciken kamfanin Merck a Sifaniya suka bayyana enfumafunjin daga wadda ke cikin ganyen wani itacen junifa. Bayan an yi ta gyara siffarsa, a 2021 aka amince da Brexafemme a Amurka don ciwon sanyin mata na kandida. Shekara 21 ke nan. Wani kuma, emodefsaid, asalinsa funfunar da aka samu a ganyen wani fure a Japan, an daɗe ana ba karnuka da kyanwoyi shi don tsutsar ciki, kuma an kai ga gwada shi a kan mutane a Gana don makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa.

Namu dajin

Nijeriya ce ke da dajin mangurob mafi girma a Afirka, yawancinsa a Neja Delta, inda Rhizophora racemosa ya fi yawa. An taɓa leƙa cikinsa kuwa. A 2016 ƙungiyar Peter Proksch ta Jami'ar Düsseldorf a Jamus ta bayyana sababbin sinadarai daga Pestalotiopsis clavispora, wadda aka ciro daga itacen Rhizophora harrisonii na Fatakwal, kuma ɗaya daga cikinsu ya kashe ƙwayoyin kansar ɓera a gwajin faranti. A shekarar dai ƙungiyar ta fitar da wasu daga mangurob ɗin Kamaru. Itacen namu ne, na'urorin da suka gano siffar sinadaran na can.

Wannan ya tuna mini da Giuseppe Brotzu, likita a tsibirin Sardiniya na Italiya. A 1945 ya ɗebo ruwan teku kusa da inda magudanar ƙazantar birnin Cagliari ke zuba, ya samu funfunar da ke hana ƙwayar taifod girma. Bai samu mai tallafa masa a gida ba, sai aka aika da ita Oxford a 1948. A can Edward Abraham da Guy Newton suka ware sinadarin sefalosiforin, haƙƙin mallakarsa kuma ya zauna a Ingila. Allurar seftiriyazon da ake yi wa mutane kullum a asibitocinmu jikanyar wannan funfuna ce. Don hana maimaita irin haka ne aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce ƙasar da aka ɗauki halitta a cikinta tana da rabo a amfanin da ya fito. Takarda dai ba ta ware sinadari, sai da mutane da kayan aiki.

Buƙatar kuwa tamu ce kafin ta kowa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Dajin da ake sa ran samun sababbin magunguna a cikinsa kuma yana raguwa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ɗanyen mai ya kashe mangurob a bakin rafuka. Ga kuma wani kwakwan ruwa, nifa, da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, wanda ke mamaye duk inda aka sare ko ya mutu. Itacen da ya tafi, da 'yan hayarsa yake tafiya, tun ba a san sunansu ba.

Mu da ke tudu ba sai mun jira teku ba. Sharuɗɗan nan biyu na Strobel, wuri mai tsanani da tsiron da aka daɗe ana magani da shi, aduwa da sabara da marke da maɗaci duk sun cika su: wata shida ko bakwai ba ruwa, ga hunturu, ga zafin bazara, ga kuma tarihin sassaƙe da jiƙo. Samaru na da masana cututtukan tsirrai a IAR, da tsangayar haɗa magunguna a jami'a, ga cibiyar NARICT a Basawa. An ma riga an nuna funfunar ƙasar nan na iya zama haja: Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar aka yi masa rajista a 2014, ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da nau'o'in Aspergillus flavus guda huɗu na Nijeriya marasa guba, a watsa a gona su kori masu gubar.

Inda aikin ɗalibai irina ya fi tsayawa shi ne a tsakiya. A ciro funfuna, a jiƙa ta, a ɗiga ruwan a faranti, a auna da'irar da bakteriya ta kasa tsirowa, a rubuta kundi. Wane sinadari ne ya yi aikin, sabo ne ko wanda aka sani tun 1960, ba a kai nan ba, domin wannan na buƙatar na'urar NMR da kuɗin sinadaran tacewa. Mafi ciwo, in ɗalibi ya gama, funfunar kan mutu a firji da ɗaukewar wuta, wanda zai zo baya ya fara daga farko. Ajiye ta da rai na buƙatar sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa, ko a busar da ita a rufe cikin kwalba. Funfunar da Fleming ya gani a 1928 an adana ta a irin wannan rumbu, na cibiyar CABI a Ingila, kuma a 2020 masu bincike suka ciro ta daga sanyi, ta tsiro, suka karanta ƙwayoyin gadonta.